BABA KOFUR: TUNAWA DA MAHAIFINA, ƊAN ZANGON DA YA JE YAƘIN BAMA

 A shekarar 2025 ne aka cika shekara 80 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu suka fi sani da yaƙin Hitila. Manyan ƙasashe sun yi ta bukukuwan tunawa, an busa begila, an ajiye furanni a kan kaburbura. To amma mu nan zangunan Gana, in ka tare ɗan makaranta a Aboabo ko Nima ka tambaye shi dalilin da ya sa hedkwatar sojan ƙasar nan da ke Ankara, babban birninmu, take amsa sunan Bama, da ƙyar ne in zai ba ka amsa. Alhali kuwa ta yiwu kakansa yana cikin waɗanda saboda su aka raɗa wa barikin wannan suna.

Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda kowa a unguwarmu ta Kumasi ke kira Baba Kofur. Igiya biyu ce iyakar muƙaminsa a soja, yau kuma sama da shekara 20 ke nan da muka kai shi makwancinsa. Abin da ya bar mana cikin akwatinsa na ƙarfe shi ne littafin sallama daga soja, da lambobin yabo 4 waɗanda ake kira minda, da wani ɗan kundi da ya rubuta da ajami. Wanda duk ya san abin da ke cikinsu ya sami amsar da zai bayar ran da aka dube shi aka ce, "Ku 'yan zango daga ina kuka zo?"

ASALINSA

Kakanmu Bakano ne, ya biyo ayarin fatake zuwa Gwanja neman goro tun yana saurayi. Ya iso ya tarar Salaga, wadda a da ita ce babbar kasuwar goro, ba ta farfaɗo daga yaƙin basasar 1892 ba, fatake da malamai duk sun watse. Da Turawa suka gama kafa mulkinsu a Asante, hanya ta buɗe har cikin Kumasi, sai ya zo ya zauna a zango, ya auri kakarmu, wadda ita a Salaga aka binne cibiyarta. Baba bai san ranar haihuwarsa ba. Abin da uwarsa ta gaya masa kawai shi ne yana goye lokacin babbar annobar mura, watau 1918.

Ya yi karatun allo har ya sauke, hannunsa ya faɗa da rubutun ajami, sa'an nan aka kai shi koyon ɗinkin keke a kasuwa. Da komai ya tafi daidai, da tela zai rayu ya mutu. Sai yaƙi ya tashi a 1939. A 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus, ƙasashen da ke kewaye da Gwalkwas kuwa, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin, duk na Faransa ne, aka rufe iyakoki. Shanu suka daina saukowa yadda aka saba, goro ya rasa hanyar hawa, yadi ya yi tsada, tela ya zauna yana kallon kekensa. Cikin wannan hali ne masu ɗaukar soja suka shiga gari suna neman samari.

A 1942 Baba ya je ya ba da sunansa. Kakanmu bai ji daɗi ba ko kaɗan, domin a wajen malamai da fatake na wancan zamani aikin soja aikin wanda ba shi da mafaɗi ne. Ya ce masa, "Yanzu kai faɗan Nasara da Nasara ne za ka je ka zuba jininka a ciki?" Baba ya durƙusa ya ce, "Malam, a yi mini afuwa. Gidan nan baki ya yi yawa, keke kuma ya tsaya. In na tafi, abin da aka ba ni gida zai zo." Kwana uku tsohon bai yi masa magana ba. Ran tafiya da asuba ya kira shi, ya dafa kansa, ya ce, "Ka riƙe salla, kada ka ɗauki abin wani, in ɗan'uwanka ya faɗi kada ka bar shi a fili."

HAUSA DA SOJAN GWALKWAS

Kafin mu bi shi jirgi, yana da kyau mai karatu ya san irin gidan da ya shiga. A yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Kyaftin Glover ya kawo dakarunsa daga Ikko, waɗanda ake kira Hausawan Glover. A 1879 aka kafa rundunar 'yan sanda masu makamai ta Gwalkwas da irin waɗannan mutane, a 1901 kuma ta koma rundunar soja sosai. Gaskiya ɗaya ce, Baba kuma ba ya ɓoye ta: da waɗannan sojoji Turawa suka ci ƙasa, har da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, abin da ya bar tabo tsakaninmu da maƙwabtanmu Asantawa.

Ba kuma duk wanda aka kira Bahaushe a bariki ne Bahaushe ba. Akwai Gurunsawa, Dagombawa, Farafara, Mosawa, Zabarmawa da sauransu, amma Hausa ce ta haɗa su. Da ita samanja ke yi wa kurata bayani, hafsoshi Turawa ma ana sa su koyon ta. Taken rundunar kansa da Hausa yake: Kullum Shiri. Sau da yawa magatakarda kan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan ƙabilarsa a matsayin suna na biyu. Haka aka sami Alhaji Grunshi, sojan Gwalkwas wanda tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Farko, a ƙasar Togo, cikin watan Agusta 1914. A yaƙin Hitila kuwa mutanen Gwalkwas kimanin 65,000 ne suka sa kaki. Wasu sun fara gwabzawa da Italiyawa a Habasha a 1941, daga can barikin Uaddara na Kumasi ya samo sunansa.

DAGA TEKU ZUWA KALADAN

An sa Baba cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ta haɗa sojojin Gwalkwas da Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Tambarin da suke ɗinkawa a kafaɗa baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, watau Ananse na tatsuniyoyin Asantawa. Baba ya ce su masu jin Hausa da suka gan shi dariya suka yi, suka ce ai wannan Gizo ne mijin Ƙoƙi, in dai wayo ake nema to an zaɓi gwani.

Jirgin ruwa ya kwashe su ya zagaya ta ƙurewar kudancin Afirka, makonni suna kan teku, har suka sauka Bombay ta ƙasar Indiya, wadda yanzu ake kira Mumbai. Daga nan aka ratsa da su gabas har yankin Chittagong, cikin Bangaladash ta yau. Baba ya ce abin da ya fara kwantar masa da hankali shi ne jin kiran salla a waɗannan garuruwa, da ganin mutumin da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya ya amsa masa sallama.

A ƙarshen 1943 da farkon 1944 suka shiga kwarin kogin Kaladan, a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda tun 1989 ake kira Myanmar. Aikinsu shi ne su tsare gefen gabas na babbar rundunar da ke yaƙar Japan a bakin teku. Wurin duwatsu ne da ƙungurmin dajin gora, babu hanyar mota. Da adda da diga da shebur suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kusan mil 75. Inda mota ta gaza, kai ya ɗauka: akwai rukunoni na masu dako, su ma sojoji ne, da ke ɗora harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a kan gammo su hau dutse da su. Guzuri kuwa daga sama jiragen Dakota ke jefo musu da laima, wata da watanni ba su da wata hanyar samun abinci sai wannan.

Sun gangara har garin Kyauktaw, sai Japanawa suka juyo musu da ƙarfi a watan Maris 1944, dole suka ja da baya. Bayan damina suka sake shiga kwarin, suka yi ta turawa kudu, har a ƙarshen Janairu 1945 su da 'yan'uwansu na runduna ta 82 suka kama Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan. Sunan wannan gari ne barikin soja na Takoradi ke ɗauke da shi.

Baba ba mai yawan ba da labarin harbe-harbe ba ne. In yara suka matsa masa, "Baba, Japanawa nawa ka kashe?" sai ya ce, "Ku tambaye ni matsattsaku nawa na cire daga ƙafata." Abin da ya fi faɗa shi ne ruwan sama mai kwana ya wuni yana zuba har takalmi ya ruɓe a ƙafa, da zazzaɓi, da atini, da yadda ake kwana cikin rami ba wuta ba tari, don abokin gaba yana iya kasancewa taku kaɗan daga inda kake.

KUNDIN AJAMI

Da yake yana da karatu, shi ke jan salla in an sami sarari, shi ke rubuta wa abokansa wasiƙa da ajami zuwa gida. In kuwa Musulmi ya faɗi, Baba ake nema. Bargon soja ya zama likkafani, a haƙa rami da shebur a gindin gora, a dubi inda rana ke faɗuwa a daidaita alƙibla, domin daga Bama Makka tana yamma ne, ba gabas kamar yadda muka saba ba.

Duk wanda ya binne, sai ya rubuta sunansa na yanka da sunan ubansa da garinsu a wani ɗan littafi da ya ɗinke da hannunsa. Bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Akwai sunayen Farafara masu addinin gargajiya, akwai na Kiristoci 'yan kudu. Ya ce a takardar Bature mutum lamba ce da sunan ƙabila, uwarsa kuwa ba da lamba ta san shi ba.

Bayan ya dawo, shekaru ya yi yana bin waɗannan sunaye. In ya sami ɗan kuɗin mota sai ya hau zuwa Tamale ko Yendi ko Bawku, ya nemi gidan, ya zauna gaban tsohuwa ya ce, "Inna, ni na rufe ɗanki da hannuna. An yi masa salla, fuskarsa tana kallon alƙibla." Wasu gidajen sun riga sun sami takardar gwamnati, wasu kuwa har lokacin suna sauraren ƙofa. Akwai matar da sai da ta ji daga bakinsa sa'an nan ta yarda ta shiga takaba. Ta haka ya cika wasiyyar kakanmu.

Yawancin waɗannan kaburbura daji ya cinye su. A maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon akwai ginshiƙai da aka zana sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma suna ciki.

KOMOWA GIDA

Yaƙi ya ƙare a watan Agusta 1945, amma sai 1946 Baba ya tako ƙasar Gwalkwas, ya tarar kakanmu ya rasu yana can. An yi musu alkawura da yawa na aiki da fansho da kuɗin sallama mai tsoka. Abin da suka tarar ya sha bamban. Takardun gwamnatin Ingila da aka tono a 2019 sun nuna yadda aka yi lissafin kuɗin sallama: farabiti Bature sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata ɗan Afirka sule 3 da sisi. Ruwa ɗaya ya doke su a daji, amma ran biya sai aka dubi launin fata. Da ɗan abin da aka ba shi Baba ya sayi tsohon keken ɗinki, ya auri mahaifiyarmu, da dare kuma ya kama gadi a siton wani kamfanin Turawa, kamar ɗimbin mazan jiya 'yan arewa da 'yan zango waɗanda ba su da takardar boko.

Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano a Ankara, ba makami a hannunsu, za su kai kukansu ga Gwamna Gerald Creasy a fadarsa ta Christiansborg da ke Osu. A mararrabar hanya 'yan sanda suka tare su, wani hafsansu Bature mai suna Imray ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi matattu. Gari ya kama da wuta, tarzoma ta bazu har Kumasi da Koforidua, mutum 29 suka mutu, sama da 200 suka ji rauni. Aka kama shugabannin jam'iyyar UGCC su 6, har da Kwame Nkrumah da J. B. Danquah, waɗanda hotonsu ke kan takardun sidi. Kwamitin Watson da ya binciki lamarin ya ba da shawarar a yi sabon tsarin mulki, daga nan aka yi zaɓen 1951, har aka kai ga 'yancin kai ran 6 ga Maris 1957.

Baba yana Kumasi ran da aka yi harbin. Ya ce labarin ya fi masa ciwo a kan duk abin da ya gani a Kaladan, domin can maƙiyi ne ke harbinsu, nan kuwa wanda suka yi wa yaƙi ne. Duk sa'ad da aka zo maganar 'yancin kai sai ya ce, "'Yan boko sun yi magana, Allah ya saka musu, amma ƙofar da jinin soja aka buɗe ta."

SHEKARAR 1969

Jarrabawar da ta fi girgiza gidanmu a nan gida ta same mu. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dakta Busia ta fitar da dokar korar baƙi, ta ba duk wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba shi da izinin zama, mako biyu ya bar Gana. Ina yaro a lokacin, amma ina tuna yadda zango ya zama kamar an yi gobara. Ana sayar da gado da tukwane a kuɗin banza, manyan motoci cike da mata da yara sun nufi iyaka. Mutanenmu da yawa nan aka haife su, nan aka haifi iyayensu, amma ba su da takardar haihuwa, suna kuwa da harshe da riga sun isa a ce maka baƙo.

Da wasu ma'aikata suka shigo layinmu suna tambayar takardu, Baba ya shiga ɗaki, ya sa farar rigarsa, ya liƙa mindar nan a ƙirji, har da Tauraron Bama mai jan ƙyalle da shuɗi da ruwan lemo, ya fito da littafin sallama. A ciki an rubuta lambarsa da bataliyarsa da inda aka haife shi: Kumasi. Ya miƙa wa babbansu, ya ce, "Ɗana, karanta. Lokacin da ƙasar nan ke neman wanda zai je Bama, ba wanda ya tambaye ni takardar zama." Mutumin ya karanta, ya mayar masa da hannu biyu, ya ƙame ya sara masa, suka wuce.

Amma amininsa, wani Bazabarme da suka kwana rami ɗaya a Kaladan, nasa littafin ya lalace tun wata ambaliya. Tsoro ya sa bai jira komai ba, ya kwashi iyalinsa ya nufi Nijar, ƙasar da ya bari tun yana ƙaramin yaro. Baba ya raka shi tasha, ya ɗora masa kaya a mota. Ba su sake ganin juna ba. Da ya komo gida ya buɗe kundin ya rubuta sunansa a shafin ƙarshe, ko da yake shi da ransa ya tafi.

UBA A CIKIN GIDA

A gida Baba mutum ne mai tsari. Kafin assalatu ya tashi, ya share ƙofar gida, ya tashe mu ɗaya bayan ɗaya da sunan kowa. Mutanen unguwa kan ce in ka ga Baba Kofur ya nufi masallaci, gyara agogonka. Amma duk da sunan soja, bai taɓa ɗaga bulala a kan ɗayanmu ba. Ya ce ya ga yadda ake kwantar da babban mutum mai iyali a zane shi a bariki, ya yi alkawari hannunsa ba zai yi wannan ba. In ka yi laifi, hukuncinka shi ne ka zauna kusa da kekensa kana zura masa zare a allura har ya gama yi maka nasiha. Wallahi da yawa cikinmu mun fi son a doke mu a huta.

Dukanmu, maza da mata, ya sa mu boko da safe, allo da yamma. A wancan lokaci mutanen zango da yawa suna gudun boko, domin yawancin makarantun na mishan ne. Har wasu dattawa suka zo suka same shi kan batun yayarmu mace. Ya ce wa babbansu, "Alhaji, a soja na ga yaron da na fi shi sanin daji, na fi shi sanin bindiga, ya zama magatakarda yana rubuta albashina, don kawai ya iya biro. 'Ya'yana za su riƙe allo, su riƙe biro." Yayar tamu ta zama ungozoma a asibiti, ita ta karɓi haihuwar jikokin wasu daga cikin dattawan nan.

Kowace Juma'a Mma takan soya ƙosai a raba wa yara sadaka, ladan ga mutanen cikin kundi. Daren 27 ga azumi yakan buɗe kundin ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Musulminsu addu'a, sauran ya ambace su da alheri. Ran 11 ga Nuwamba kuma ya sa mindarsa ya tafi faretin mazan jiya. Da damina, in aka yi tsawa mai ƙarfi cikin dare, mukan ji ya fito ya zauna a kan buzunsa yana jan carbi har gari ya waye. Mma takan ce, "Ku kwanta, babanku yana Bama, da safe zai dawo."

Ya rasu yana da shekara 80 da 'yan kai. Ran jana'izarsa, bayan malamai sun idar, wasu tsofaffi 'yan kaɗan masu dogara sanda, har da Kirista ɗan Asante a cikinsu, suka jeru suka ƙame, suka sara wa makara.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yau waɗanda suka je Bama da ke raye ba su taka kara sun karya ba, wanda ya rage ya doshi shekara 100 ko ya wuce. Amma tambayar 1969 ba ta mutu ba. Har yanzu matasanmu kan je neman katin ɗan ƙasa ko fasfo, a ji sunansu a ce su kawo shaidar asalinsu. Dokar zama ɗan ƙasa a Gana kuwa iyaye da kakanni take dubawa, saboda haka tsohuwar takardar da ta nuna inda aka haifi kakanka ta fi gwal daraja.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa a duk zangunanmu, a buɗe akwatunan tsofaffi kafin gara ta riga mu. Littafin sallama, minda, hoto, wasiƙar ajami, a ɗauki hotonsu da waya a raba wa dangi, asalin kuma a sa cikin leda a ajiye inda ruwa ba ya kai. Minda ba ta sayarwa ba ce, ko nawa mai sayen kayan tarihi ya taya. Wanda kakansa ya tafi bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da jerin sunaye a intanet, kyauta ake dubawa. Sai dai a gwada da sunan ƙabila ko na gari a matsayin suna na biyu, a kuma gwada rubutu iri-iri, don yadda magatakarda ya ji haka ya rubuta. Wanda ke da tsohon soja ko matarsa a gida, ya leƙa ofishin VAG, hukumar tsofaffin sojoji ta ƙasa, ya tabbatar sunansu yana rajista. Iyayenmu mata kuma a zauna da su a naɗi muryarsu, domin rabin labarin yana bakinsu.

Malaman makarantunmu, ku kwashi yara ku kai su gidan tarihin soja da ke tsohon sansanin Turawa na Kumasi, su ga makaman da aka ƙwato a yaƙin nan da hotunan mazan jiya. Sarakunan zango da limamai kuma, me zai hana kowane zango ya tattara sunayen mazajensa da suka je yaƙi a littafi ɗaya, a ajiye a fadar sarki, a riƙa karantawa sau ɗaya a shekara? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. In tela ɗaya a cikin ruwa da taɓo ya iya riƙe sunayen abokansa, mu da ke da biro da waya ba mu da hanzari.

Allah ya jiƙan Baba Kofur, ya jiƙan abokansa da ke kwance a gindin gora a Kaladan, da waɗanda suka dawo suka ƙare rayuwarsu a bakin sito suna gadi. Allah ya sa aljanna ce makoma, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanarsu, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya, amin. Wassalam.